BABI NA HUƊU: BEGEN KIƊAN JAZ DA RAYUWAR DARE TA ZAMANIN MULKIN MALLAKA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an duba yadda marubutan Hausa suka kalli zaman bariki. A wannan babi kuwa za a yi tarken wani yayi da ya kama masu sauraron kiɗa da masu shirya fina-finai da wasannin dandamali a Afirka ta Yamma, watau begen kiɗan jaz na da, da ɗan'uwansa hailaif, tare da gidajen rawar da aka kaɗa su a ƙarshen mulkin mallaka, musamman a biranen Akara da Legas. Za a fara da bayanin ma'anar begen, sannan a kawo taƙaitaccen tarihin kiɗan, a duba abin da yake jan hankalin mutane gare shi, daga nan a auna shi da littattafai biyu na Cyprian Ekwensi waɗanda aka rubuta lokacin da abin yake gudana. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, wannan bege ya adana sautin zamanin, amma ya mance da ƙofar gidan rawar da kuma waɗanda aka bari tsaye a bakinta.

4.1 Ma'anar Bege a Wannan Nazari

Kalmar da Turawa suke amfani da ita, watau nostaljiya, wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙiro ta a 1688 a birnin Basel, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin komawa gida da raɗaɗi. A lokacin an ɗauke ta cuta ce da take kama sojojin haya na ƙasar Suwizalan idan sun daɗe ba su ga garuruwansu ba. Sannu a hankali ma'anar ta tashi daga kewar wuri ta koma kewar lokaci. A wannan nazari an zaɓi kalmar bege domin ita ce ta fi kusa, ganin cewa Bahaushe yana begen abin da yake so wanda ba ya kusa da shi, ko da bai taɓa sa shi a ido ba.

Svetlana Boym, a littafinta na 2001, ta kasa begen gida biyu. Akwai mai son a sake gina jiya kamar yadda yake zaton take, wanda bai yarda cewa bege yake yi ba, a ganinsa gaskiya yake faɗa. Akwai kuma mai waiwaye, wanda ya san jiya ta wuce, yana jin daɗin tunawa da ita amma yana yi mata tambayoyi. Shi kuwa Renato Rosaldo, a 1989, ya yi magana ne a kan begen ɗan mulkin mallaka, wanda yake kukan ɓacewar al'adun da shi da kansa ya rusa. Abin da ake nazari a nan ya ɗan sha bamban da na Rosaldo, domin jikokin waɗanda aka mulka ne suke begen zamanin da aka mulki kakanninsu. Bahaushe ya riga ya gano tushen irin wannan hali da ya ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ke nan bege yana ba da labarin yau fiye da yadda yake ba da labarin jiya, kuma da wannan ma'auni za a bi sauran babin.

4.2 Shigowar Jaz da Haihuwar Hailaif

Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka wanda ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Tun daga tushensa akwai maganar ƙofa a cikinsa. Faifan jaz na farko da ya fito a 1917 ƙungiyar fararen fata ce ta yi shi. Haka kuma shahararren gidan rawar nan na Cotton Club a unguwar Harlem, inda Duke Ellington ya yi suna tsakanin 1927 da 1931, makaɗansa baƙaƙe ne, amma masu shiga su zauna farare ne. Daga Amurka kiɗan ya bi jiragen ruwa ya sauka a manyan otal-otal na biranen da Turawa suke da iko, kamar Bombay da Shanghai, inda a yau ma ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido begen waɗancan darare.

A gaɓar tekun Afirka ta Yamma kiɗan bai tarar da fili fayau ba. Akwai badujalar sojoji da ta 'yan mishan, akwai kiɗan jita na ma'aikatan jirgin ruwa da na mashayar bammi, akwai kuma manyan ƙungiyoyin da suke yi wa 'yan boko da attajirai kiɗan rawar Turawa, irin su Excelsior Orchestra da aka kafa a Akara a 1914. Waɗannan ƙungiyoyi sukan ɗan sako waƙoƙin gida a tsakiyar kiɗan Turai, kuma daga nan sunan hailaif ya samo asali. Manazarcin kiɗan Gana John Collins ya ruwaito daga bakin Yebuah Mensah, yayan E.T. Mensah, cewa mutanen da suke taruwa a waje suna leƙen masu rawa su ne suka raɗa wa kiɗan wannan suna, mai nufin rayuwar manya, saboda kuɗin shiga ya kai kimanin sule bakwai da sisi, kuma sai da cikakkiyar shigar Turawa ake barin mutum ya wuce. Wannan bayani yana da muhimmanci ƙwarai ga wannan babi, domin ya nuna cewa sunan kiɗan kansa daga bakin waɗanda aka hana shiga ya fito.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya sauya al'amarin. Daga 1940 aka buɗe hanyar jiragen sama ta yaƙi wadda ta tashi daga Takoradi ta bi ta Legas da Kano da Maiduguri har zuwa Khartum da Alƙahira. Sojojin Ingila da na Amurka suka cika Akara, suka zo da faya-fayan garmaho da kuɗin kashewa. Wani sajan ɗan Sikotlan da ake kira Jack Leopard ya haɗa ƙungiyar makaɗa farare da baƙaƙe, kuma a cikinta E.T. Mensah (1919-1996) ya goge a salon jaz. Bayan yaƙi Turawan suka koma gida, ƙungiyar Tempos ta dawo hannun 'yan ƙasa, Mensah ya zama shugabanta. Da shi da makaɗin ganga Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, suka rage yawan makaɗa, suka shigo da gangunan Kyuba da salon kalifso, suka mayar da waƙoƙin gida su ne kan gaba. A 1952 kamfanin Decca ya fara ɗaukar su a faifai. Zuwan Tempos Legas a farkon shekarun 1950 ya ja hankalin Bobby Benson (1922-1983), wanda ya dawo daga Ingila a 1947 yana kiɗan jaz, har ya karkata ga hailaif, ya kuma buɗe gidan rawarsa na Caban Bamboo. A hannunsa Victor Olaiya (1930-2020) da wasu da dama suka koyi sana'ar. Olaiya ya kafa Cool Cats a 1954, ya kuma yi kiɗa a bikin samun 'yancin kan Nijeriya a 1960.

Daga wannan tarihi za a fahimci cewa kiɗan da ake begensa bai kai ga ƙarfinsa ba sai da makaɗan suka daina yi wa Bature kiɗa suka juyo ga mutanensu.

4.3 Abin da Yake Jan Hankali

Ba za a yi wa masu begen adalci ba idan ba a fara amincewa da cewa kiɗan yana da daɗi ba. Wanda ya saurari "All For You" ta E.T. Mensah ko "Taxi Driver" ta Bobby Benson zai ji kiɗa mai natsuwa, wanda ba ya gaggawa. Kakakin Turawa da saksofon suna ɗauko amshi tare, sai ɗaya ya ware ya yi 'yar gajeriyar fira shi kaɗai, sannan ya dawo cikin 'yan'uwansa, ganguna kuwa suna ƙasa suna riƙe da tafiyar ba tare da sun danne kowa ba. Ga kunnen da ya saba da kiɗan kwamfuta, wanda na'ura take daidaita kowane sauti, jin numfashin mai busa da ɗan kuskuren hannun makaɗi wani abu ne mai sanyaya rai. Har ƙarar tsatsar da allura take yi a kan tsohon faifai ta zama abin so, alhali a wancan lokaci aibi ce da makaɗan za su so a ce babu ita.

Abu na biyu shi ne hoto. Hotunan da James Barnor ya ɗauka a Akara, inda ya buɗe ɗakin hotonsa na Ever Young a shekarun 1950, da waɗanda mujallar Drum ta riƙa bugawa, da na Malick Sidibé a Bamako, sun nuna samari cikin kwat da 'yan mata cikin ado, kowa fes, kowa yana murmushi. Waɗannan hotuna su ne a yau ake mannawa a bangon gidajen cin abinci da bayan faya-fayai.

Abu na uku kasuwa ce. Nasarar da faifan Buena Vista Social Club na tsofaffin makaɗan Kyuba ya samu a 1997 ta nuna wa kamfanoni cewa tsufa ma haja ce. Tun kafin nan kamfanin RetroAfric na Landan ya sake fitar da waƙoƙin E.T. Mensah a 1986, daga baya kamfanoni irin su Soundway da Honest Jon's suka bi sahu da tsofaffin waƙoƙin Gana da Nijeriya. A gida kuma an ga dawowar Fatai Rolling Dollar bayan shekaru ana zaton an gama da shi, da haɗuwar Victor Olaiya da 2Face Idibia a 2013, da wasan dandamali na Kakadu wanda Uche Nwokedi ya rubuta aka fara nunawa a 2013, da fim ɗin Faaji Agba na Remi Vaughan-Richards a 2015, da kuma faifan Roots na matasan nan The Cavemen a 2020.

Sai dai akwai abin lura game da shaidun da begen ya dogara a kansu. Faifan garmaho na wancan zamani ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowane gefe, kuma a ɗakin ɗaukar sauti ake yin sa. Abin da ya iso gare mu ke nan minti uku ne da aka tace daga dare guda, babu hayaniyar mashaya, babu faɗa, babu cinikin da ake yi a bayan fage. Hoto ma haka yake, domin mutum yakan je gaban mai hoto ne a ranar da ya fi kowace rana kyau. An san cewa Seydou Keïta na Bamako yana ajiye rediyo da agogo da babur da kayan sawa a ɗakin hotonsa domin masu zuwa su ara. Saboda haka mai bege yana gina zamani sukutum a kan abubuwan da tun asali an zaɓe su ne don su burge.

4.4 Ƙofar da Aka Mance

Idan aka bar faifai da hoto aka koma ga tarihi, sai a ga ƙofofi iri uku. Ta farko ita ce ta launin fata. Kulob-kulob na Turawa a Legas da Akara da sauran manyan garuruwa ba sa karɓar baƙar fata a matsayin ɗan ƙungiya, sai dai ya shiga a matsayin boyi ko kuku ko makaɗi. A 1947 otal ɗin Bristol da ke Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launinsa, alhali babban ma'aikaci ne da ya zo aiki daga Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, mahaifinsa ɗan Saliyo. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta tilasta wa gwamnatin Gwamna Richards ta hana irin wannan wariya a wuraren jama'a. Idan haka ta faru ga mai irin wannan muƙami, ana iya kintatar matsayin lebura.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kuɗi. Shekarun da ake kira na daɗi su ne shekarun da ma'aikatan Nijeriya suka yi yajin aikin gama-gari na 1945 saboda tsadar rayuwa. A cikinsu ne aka harbe tsofaffin sojoji uku a Akara ranar 28 ga Fabrairu 1948 suna kan hanyar kai kukansu ga gwamna, kuma a cikinsu ne 'yan sanda suka kashe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949. Mafi yawan jama'a manoma ne a ƙauyuka waɗanda ba su taɓa ganin fitilar lantarki ba, balle gidan rawa. Su kansu makaɗan, in ban da 'yan ƙalilan irin su Benson da Mensah da suka mallaki wurarensu, da yawa kayan kiɗan da suke busawa na masu otal ne, kuma jama'a tana yi musu kallon mashaya marasa sana'a.

Ƙofa ta uku ita ce ta jinsi. Mace a gidan rawa tana da daraja a cikin hoto, amma a idon gari sunanta ya ɓaci. Kaɗan ne ƙwarai suka hau dandamali a matsayin mawaƙa, kamar Julie Okine da ta yi waƙa da Tempos. Sauran an san su ne a matsayin abokan rawa, kuma rayuwar da yawansu ta rataya ne a kan aljihun mazan da suke zuwa.

Ko ziyarar Louis Armstrong, wadda masu bege suke ɗauka a matsayin ƙololuwar zamanin, tana da fuska biyu. A watan Mayu 1956 ya sauka a Akara, dubun-dubatar mutane suka tarbe shi, ya yi busa tare da E.T. Mensah, ya kuma rera "Black and Blue" a gaban Kwame Nkrumah, waƙar da take magana a kan wulaƙancin da baƙar fata yake sha. A lokacin Armstrong kansa ba ya iya kwana a otal-otal da yawa na kudancin ƙasarsa. Da ya dawo Afirka a 1960, kamfanin Pepsi-Cola da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ne suka ɗauki nauyin tafiyar, kuma ya isa Kwango ana tsakiyar rikicin da ya ƙare da kisan Patrice Lumumba a Janairu 1961. Fim ɗin Soundtrack to a Coup d'Etat na Johan Grimonprez, wanda ya fito a 2024, ya bi diddigin yadda aka yi amfani da jaz a matsayin labule a wannan siyasa.

4.5 Shaidar Cyprian Ekwensi

Babbar hujjar wannan babi tana cikin adabi. Cyprian Ekwensi (1921-2007), wanda aka haifa a Minna, ya karanci haɗa magunguna kamar yadda E.T. Mensah ya yi, ya kuma yi aikin gidan rediyo a Legas. Ya rubuta labaransa ne ana cikin rawar, don haka ba shi da dalilin yin bege.

A People of the City (1954), tauraron labarin, Amusa Sango, da rana ɗan jarida ne mai kawo rahoton laifuffuka, da dare kuma shugaban makaɗa ne a wani kulob. Wannan tsari dabara ce babba, domin ya sa mutum guda yana ganin birnin ta fuskoki biyu: wanda yake sa mutane rawa da dare shi ne yake zuwa kallon gawa da safe. Marubucin bai bar mai karatu ya daɗe a filin rawa ba tare da ya fito da shi waje ba. Aina, yarinyar da ta so Sango, ta ƙare a gidan yari saboda sata. Beatrice ta farko, wadda ta haifa wa wani Bature 'ya'ya, ta yi ta yawo daga hannun wannan mai kuɗi zuwa wancan har ta mutu a wulaƙance. Lajide mai gidajen haya yana korar wanda ya ga dama. Har ila yau Sango ya je gabas ya ga rikicin ma'aikatan kwal, abin da yake tuna wa mai karatu kisan 1949. Daga ƙarshe ya rasa ɗaki, ya rasa aiki, ya bar ƙasar zuwa Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast.

A Jagua Nana (1961) kuwa, gidan rawar Tropicana kusan shi ma tauraro ne. Jagua mace ce mai shekara 45, an yi mata laƙabi da sunan motar nan ta ƙawa, kuma kullum tana fama da tsoron tsufa a wurin da ƙuruciya ce kuɗin shiga. Ekwensi ya nuna daɗin kiɗan sosai, har mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa ta kasa rabuwa da wurin. Amma ya nuna Tropicana a matsayin kasuwa, inda Turawan kamfanoni da 'yan kwangila da 'yan siyasa suke saye, mata suke sayarwa. Saurayinta Freddie, wanda ta so ya yi karatun lauya a Ingila ya dawo ya aure ta, ya auri yarinya Nancy, ya shiga siyasa aka kashe shi. Uncle Taiwo, ɗan siyasar da ta koma wurinsa, shi ma kashe shi aka yi. Jagua ba ta sami natsuwa ba sai da ta koma ƙauyensu.

Ana iya kama Ekwensi da laifi biyu. Na farko, yana da saurin yanke wa matan labarinsa hukunci, ta yadda mutuwa ko nadama take jiran duk wadda ta ji daɗin birni, alhali mazan da suke saye ba kullum suke biya ba. Na biyu, yakan warware labari da sa'a, kamar jakar kuɗin da Jagua ta tsinta a hannunta a ƙarshe. Duk da haka, a kan batun da ake magana, shaidarsa ta fi ta faifai da hoto ƙarfi, domin ya haɗa abin da suka raba. Idan aka kwatanta da wasan Kakadu, za a ga cewa shi ma bai tsaya ga ado kawai ba, tun da ya fara da Legas ta 1965 ya bi abokan har cikin yaƙin basasa. Bambancin shi ne, a Kakadu gidan rawa aljanna ce da yaƙi ya zo daga waje ya rusa, a wurin Ekwensi kuwa ɓarakar tana cikin gidan tun ana rawa.

4.6 Yadda Abin Ya Shafi Arewa

A Arewacin Nijeriya wannan rayuwa ta zo da nata tsari. Dokar Turawa ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a yankin, kuma tsarin mulki ya raba gari uku: birni na sarki da talakawansa, unguwar Turawa, da Sabon Gari na baƙi waɗanda jirgin ƙasa ya kawo bayan ya iso Kano a 1911. Saboda haka gidajen rawa da otal-otal suka taru a Sabon Gari da garuruwan da suka tashi da zuwan Bature, kamar Kaduna da Jos. Harshen Hausa ya adana hukuncin da jama'a ta yanke wa wannan rayuwa a cikin kalmar bariki, wadda ta tashi daga ma'anar mazaunin soja da Turawa ta haifi ɗan bariki da barikanci. Wannan kalma ita kaɗai ta isa ta nuna cewa Bahaushen wancan lokaci daga waje yake kallon abin, kamar dai waɗanda suka raɗa sunan hailaif.

Duk da haka Arewa ba ta kasance a rufe ba. Akwai hoton Armstrong tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna a 1960. Akwai kuma Bala Miller, mutumin Zariya, wanda ya yi hailaif da Hausa, waƙarsa "Ikon Allah" ta shahara. Daɗin daɗawa, irin tacewar da aka bayyana a sama tana aiki a kan mawaƙan Hausa ma. Mai begen Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan tuna hikima da karin magana, ya tsallake cewa wani ɓangare na waƙoƙinsa a otal-otal da wuraren shaƙatawa aka yi su, kuma "A Sha Ruwa" tana cikin waƙoƙinsa. Haka masu goge da kukuma, waɗanda a da ake danganta su da gidajen mata, yau ana sauraronsu a matsayin kayan tarihi. Lokaci yana wanke kiɗa daga wurin da aka yi shi.

4.7 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya cewa masu wannan bege sun yi kuskuren suna. Shekarun da hailaif ya yi tashe, daga wajen 1947 zuwa 1966, sun haɗa ƙarshen mulkin mallaka da farkon 'yancin kai, kuma abin da ake ji a cikin busar shi ne sa rai na mutanen da suke ganin Bature yana haɗa kayansa. E.T. Mensah ya yi wa 'yancin Gana waƙa a 1957. Abin da ya kashe wannan rayuwa kuwa ya zo ne daga baya: yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya watsa makaɗan Legas, da yawansu suka koma gabas, kiɗan juju ya maye gurbin, a Gana kuma dokar hana fitar dare ta farkon shekarun 1980 ta durƙusar da gidajen rawa. Wanda ya ji wannan kiɗa ya ce gara zamanin Bature, ya ba Bature ladan abin da aka yi domin murnar tafiyarsa.

Wannan bincike bai ce a daina sauraro ba. Begen ya yi amfani, domin ta dalilinsa aka ceto faya-fayan da suka kusa ɓata, tsofaffi irin su Fatai Rolling Dollar suka ci moriyar sana'arsu kafin su rasu, matasa kuma suka koma koyon busa da kaɗa jita. Abin da ake nema shi ne begen ya zama irin na biyu da Boym ta bayyana, mai waiwaye da tambaya, wanda idan ya ga hoton masu rawa zai tambayi nawa aka biya a ƙofa, wane ne ya tsaya a waje, kuma ina matar da take cikin hoton ta ƙare. Littattafan Ekwensi sun riga sun yi waɗannan tambayoyi tun 1954, shi ya sa ya kamata a riƙa karanta su tare da sauraron faya-fayan. A babi na gaba za a kwatanta hoton mace a waɗannan littattafai biyu da yadda ta fito a rubutattun labaran Hausa masu jigon bariki.